Yadda ake tantance tsiro da dabba marar ƙashin baya idan ido ya kasa rabewa

Idan aka ajiye fara kusa da ganyen da take ci, babu mai gardama a kan wanne ne tsiro, wanne ne dabba. Wahalar tana farawa ne da halittun da ke manne wuri guda, ba kai ba ƙafa: murjani mai rassa, soson teku, anemoni mai kamar fure, ko 'yan ƙuraje masu ɓawo da ke lafe a jikin reshe wata da watanni ba su gusa ba. Irin waɗannan sun ruɗar da manyan masana ma. A farkon ƙarni na 18 Luigi Marsigli ya ga 'yan bakunan murjani sun buɗe a cikin ruwa, ya ce furanni ne. Da wani likita ɗan Faransa, Jean-André Peyssonnel, ya ce dabbobi ne a shekarun 1720, an daɗe ba a yarda da shi ba. Shi ne kuwa mai gaskiya.

Motsi da launi su ne abubuwa biyu da ido ke fara kamawa, kuma su ne suka fi yaudara. Abin da ake dogara da shi shi ne ginin ƙwayar sel, wato ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jikin mai rai da shi, da hanyar samun abinci. Ko a nan ma babu gwaji guda da ya isa shi kaɗai, domin kusan kowane gwaji akwai halittar da ke karya shi. Sai shaidu uku sun haɗu a kan magana ɗaya ake yanke hukunci.

Kafin a fara: sassan biyu ba tsara ba ne

Tsirrai masarauta ce guda a tsarin rabe-raben halittu, wato Plantae. "Marasa ƙashin baya" kuwa ba masarauta ba ce, ba failam ba ne (babban rukunin da ke ƙarƙashin masarauta), ba ta da wani matsayi a cikin tsarin. Suna ne da ake yafa wa duk dabbar da ba ta da jerin ƙashin baya. Masanin rabe-raben halittu Linnaeus ya kasa dabbobi aji shida, ya cusa duk waɗannan cikin biyu kawai, ƙwari da tsutsotsi. Masanin Faransa Lamarck ne ya warware tarin, ya kuma yaɗa rabon masu ƙashin baya da marasa shi a aikin da ya wallafa a 1801. A yau ana lissafa failam sama da 30 a masarautar dabbobi, masu ƙashin baya kuma wani yanki ne kawai na failam guda, Chordata. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na nau'o'in dabbobin da aka sani marasa ƙashin baya ne; ƙwari kaɗai sun kai kimanin miliyan ɗaya, alhali tsirrai masu jijiyoyin ruwa ba su wuce kusan dubu 390 ba.

Saboda haka tambayoyi biyu ake amsawa a jere. Ta farko: tsiro ne, dabba ce, ko kuwa ba ko ɗaya ba? Ta biyu: idan dabba ce, wane failam? Rubuta "marar ƙashin baya" a takardar samfur a tsaya nan bai gama aikin ba.

Kayan aiki

Gilashin ƙara girma na hannu mai ninki 10. Maikiroskof mai ninki 40, 100 da 400, da gilasan silaid da murafensu. Hantsaki, allura, sabuwar reza, abin ɗiga ruwa, da farin faranti mai ɗan zurfi. Ruwan aidin, ruwan gishiri na giram 5 a cikin mililita 100, binega ta girki mai ƙarfin kashi 5, bilic na wanki, itanol, man farce marar launi, da salatif mai haske. Safar hannu kuma dole ce, domin wasu dangin murjani da anemoni suna harbi, wasu soson teku kuma suna sa ƙaiƙayi.

Kada bilic da binega su taɓa haɗuwa, ko a faranti ɗaya ko a wurin zubarwa. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai guba.

Mataki na 1: a rubuta kafin a taɓa

A ɗauki hoto tare da ma'auni a gefe, a rubuta wuri, rana, da abin da halittar ke manne a kai: dutse, ƙasa, ɓawon bishiya, ko jikin wata dabba. A lura ko haske na kai wa wurin. Abu mai rai da ke bunƙasa a ƙarƙashin dutse, ko cikin kogo, ko a zurfin teku inda rana ba ta isa, da wuya ya zama tsiro mai dafa abincinsa.

Idan halittar ruwa ce, a ɗebo ta da ruwan da aka same ta a ciki. Ruwan famfo yana da kulorin, kuma dabbar teku idan ta shiga ruwan daɗi ƙwayoyin jikinta suna kumbura su fashe. Yawancin gwaje-gwajen motsi da suka faskara daga nan matsalarsu take.

Mataki na 2: a bar ta ta huce, sannan a zungure ta

A ajiye farantin a inuwa tsawon minti 30 zuwa awa ɗaya ba tare da girgizawa ba. Dabbobin da ke manne wuri guda suna ƙanƙancewa da zarar an dame su, sai su zama kamar ɗan curin nama ko busasshen kara. Idan hankalinsu ya kwanta sai a ga 'yan hannuwa sun fito kewaye da baki. Murjani da yawa ba sa buɗewa sai dare, don haka a sake dubawa bayan duhu da ƙaramar fitila.

Bayan sun buɗe, a taɓa da bakin allura a hankali. Anemoni ko haidira, 'yar ƙaramar danginta ta ruwan daɗi, za ta janye jikinta gaba ɗaya nan take, domin tana da tsoka da jijiyoyin saƙo. Tsiro ma yana iya motsi da sauri, amma a wata gaɓa takamaimai, kuma kullum salo ɗaya. Ganyen Mimosa pudica yana naɗewa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu saboda ruwa ya fice daga ƙwayoyin da ke gindin ganyen, sai bayan mintuna da dama ya sake miƙewa. Tarkon Dionaea, tsiron da ke kama ƙuda, yana rufewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya idan an taɓa gashinsa sau biyu a kusa da juna. Duk da haka tsirrai ne cikakku.

Soson teku kuwa ba zai nuna komai ba, ba shi da tsoka, ba shi da jijiyar saƙo. Nasa gwajin daban ne: a ɗiga ɗan ruwan kala na abinci kusa da gindinsa a cikin ruwa, kada a taɓa jikinsa. Cikin 'yan daƙiƙu za a ga kalar tana fitowa ta babbar kafar da ke sama. Yana zuƙar ruwa ta ƙananan kafofi yana tace abinci. Wannan gudanar ruwa ce John Ellis ya lura da ita a 1765, Robert Grant kuma ya tabbatar da ita a 1825. Idan kalar ba ta fito ba, ko soson ya mutu, ko an ɗaga shi cikin iska iskar ta toshe hanyoyinsa.

Mataki na 3: gilashin hannu

Ana kusanto gilashin da ido, sannan a matso da samfurin har ya fito sarai. Mai riƙe gilashi nesa da fuskarsa yana asarar rabin amfaninsa.

Alamun dabba da ake nema su ne baki, ƙafafu masu gaɓoɓi, idanu, 'yan ƙahonnin ji, jiki mai zobe-zobe, da kashin da take fitarwa. Alamun tsiro su ne gaɓar kara inda ganye ke fita, toho a hammatar ganye, jijiyoyin ganye, da saiwa mai siririn gashi. Ƙwaron da ke kwaikwayon kara ko ganye yana tonuwa a nan ba wuya: a ƙirga ƙafafu shida, a nemo idanu.

Wanda ya fi ruɗarwa shi ne ƙwaro mai ɓawo da ke manne a reshe ko a ƙarƙashin ganye. Macen idan ta girma ba ta ƙara tafiya, wasu ma ƙafafunsu suna ɓacewa. A sa allura a ɗaga gefen ɓawon. Idan ya ɓalle cak ya bar wurin sumul, kuma a ƙarƙashi akwai jiki mai laushi, ko ƙwai, ko 'yan jarirai masu ƙafa shida suna rarrafe, ƙwaro ne. Idan ya yago naman ganyen tare da shi, ɓangaren tsiron ne. Ana yawan ɗaukar 'yan ɗigon da ke bayan ganyen fan, tsiron da ba ya fure ba ya iri, a matsayin irin wannan ƙwaro a fesa musu magani, alhali jakunkunan ƙwayar haihuwar tsiron ne. Su a jere suke reras bisa tsari, kuma a bayan ganye kawai. Ƙwarin kuwa a warwatse suke har kan kara.

Idan ƙullutu ne a jikin ganye ko reshe, a tsaga shi da reza. Sau da yawa naman na tsiro ne, amma a tsakiya akwai 'yar tsutsar da ta sa shi kumbura. Wannan halittu biyu ne, kowanne da takardarsa.

Mataki na 4: maikiroskof

Nan ne shaida mafi ƙarfi take, kuma nan ne ya kamata a fi ba lokaci. Ƙwayar sel ta tsiro tana da bango mai tauri na selulos a wajen tantaninta. Ta dabba ba ta da bango sam, daga soson teku har giwa.

Kafin a duba baƙon samfur, a fara horar da ido da sanannu biyu. Na tsiro: a ɓare siririyar fatar jan albasa, a yanko murabba'i mai faɗin milimita 5, a shimfiɗa shi cikin ɗigon ruwa guda a kan silaid. A jingina murfin a karkace, a sauke shi sannu da allura don kada iska ta maƙale. A fara da ninki 40, a daidaita, sannan a haura 100 da 400. Za a ga ƙwayoyi dogaye masu kusurwa, a jere kamar tubalin gini, kowace da layi mai kauri a kewaye. Na dabba: a kankaro cikin kumatu da tsinke mai tsabta, a shafa a silaid, a ɗiga shuɗin rini na metilin. Ƙwayoyin za su fito a baje, gefensu siriri, siffarsu ba tsayayya ba.

Sai gwajin gishiri, wanda ke tabbatar da cewa layin da aka gani bango ne. A ɗiga ruwan gishirin nan a gefe ɗaya na murfin silaid, a sa takarda mai tsotsa a ɗaya gefen ta jawo shi ciki. Cikin minti 2 zuwa 5 jan ruwan da ke cikin ƙwayar albasa zai tattare ya janye daga gefe, amma bangon zai tsaya inda yake, sai a ga fili tsakaninsu. Dalili shi ne gishiri ya jawo ruwa waje, tantani ya bi ruwan ya shige ciki, bango kuma ba ya lanƙwasawa. Ƙwayar dabba a irin wannan ruwa takan yamutse ne gaba ɗayanta. Idan aka mayar da ruwa zalla, ta tsiro za ta sake cika ba ta fashe ba, ta dabba kuwa tana iya fashewa.

Yanzu a yanko baƙon samfurin, siriri iyakar iyawa, har haske ya ratsa shi. Yanka goma a zaɓi ɗaya ba ɓarna ba ce. Idan ya yi kauri ƙwayoyi suna hawa kan juna, ba abin da za a gani sai duhu. Idan hoton ya yi fari fat, haske ne ya yi yawa, a rage kafar hasken da ke ƙarƙashin dandamali. Zobe mai baƙin gefe mai kauri, mai zagaye cif, kumfar iska ce.

Akwai tarkuna uku a nan. Ɓawon ƙwaro wani lokaci yana da zane mai kusurwa-kusurwa da ke kama da bangon sel. Shi ba ya amsa gwajin gishiri, don babu komai mai rai a cikin zanen. Na biyu, dabbobin Bryozoa suna shimfiɗa wani ɓawo mai 'yan akwatuna a jikin dutse ko ciyawar teku. Kowane akwati ya kai kamar rabin milimita, yana da kafa, kuma cikakkiyar dabba ce a ciki mai baki da hanji. Na uku, bututu mai murɗaɗɗen zare a jikinsa yawanci jijiyar ruwa ce ta tsiro, amma bututun numfashin ƙwari ma haka yake. Na ƙwari yana ta rassa yana sirancewa, kuma a sabon samfur yana ƙyalli saboda iskar da ke ciki.

Idan samfurin na da shimfiɗaɗɗen ɓangare mai kamar ganye, a shafa masa man farce a bayansa, a bari ya bushe minti 10, a ɗago shi da salatif a manna a silaid. Ganin 'yan kafofi, kowace tsakanin ƙwayoyi biyu masu siffar ƙoda, shaida ce mai ƙarfi ta tsiro. Babu dabbar da ke da su.

Kore kuma a yi hattara da shi. A cikin ganye, kuloroflas, masu dafa abinci da hasken rana, 'yan ƙwallaye ne kore masu yawa a cikin ƙwaya mai bango. Amma fatar albasa, saiwa, da tsirrai masu zaman cin-jini irin su Cuscuta, Orobanche da Rafflesia ba su da kore ko kuwa kaɗan ne ainun, kuma tsirrai ne. A ɗaya ɓangaren, murjanin da ke gina tsibirai yana ɗauke da algi, dangin gansakuka, masu ƙwaya ɗaya a cikin namansa suna dafa masa abinci. Idan ruwa ya yi zafi murjanin ya kore su, shi ne yake yin fari. Dodon koɗin teku marar ɓawo, Elysia chlorotica, yana tsotse kuloroflas daga algin da yake ci ya ajiye a jikinsa, ya koma kore shar. Koriyar haidira ma algin Chlorella ne a cikinta. Ita ce ta ruɗar da Abraham Trembley a 1740, har ya yanka ta biyu da tunanin in tsiro ce za ta sake tohowa. Kowane rabi ya zama cikakkiyar haidira. Da ya tsaya a nan da ya yi kuskure, amma ya ga tana tafiya, daga baya ya ga tana cafke ƙananan halittun ruwa tana haɗiyewa, ya gane dabba ce. Sake tohowa bayan yanka ba shaidar tsiro ba ce. Tsutsar Planaria da tauraron teku duk suna yi.

Mataki na 5: aidin

Tsirrai suna ajiye rarar abinci a matsayin sitaci, dabbobi kuma a matsayin gilaikojin. Aidin yana mayar da sitaci shuɗi mai duhu har ya kusa baƙi, gilaikojin kuma ja mai ruwan ƙasa. Ana haɗa ruwan da giram 1 na aidin da giram 2 na fotashiyam ayodaid a cikin mililita 100 na ruwa, a ajiye a kwalba mai duhu, a tsarma shi kafin amfani har ya zama ruwan ɗorawa mai duhu. Idan ya yi kauri launinsa yana rufe sakamakon.

Ga iri, saiwa ko kara mai nama, a yanka a ɗiga kai tsaye. Ganye sai an cire korensa. A tsinko wanda ya sha rana awanni, a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya don ƙwayoyin su mutu. A kashe wuta. A sa ganyen a kwalbar gwaji mai itanol, a tsayar da kwalbar cikin ruwan zafin minti 5 zuwa 10. Itanol yana tafasa a digiri 78, ruwan zafin ya ishe shi, kuma tururinsa yana kama wuta, shi ya sa ake kashe ta tukuna. Ganyen zai fito fari yana karyewa, a tausasa shi da ruwan ɗumi, a shimfiɗa a farin faranti, a ɗiga aidin.

Baƙi ya fito, shaida ce mai kyau ta tsiro, muddin ba cikin dabba mai cin ganye aka murƙushe ba, kuma ba a kan takarda aka yi gwajin ba, don takarda da yawa akwai sitaci a jikinta. Rashin fitowarsa kuwa ba ya nufin dabba ce. Ganyen da ya kwana biyu a duhu ya cinye sitacinsa. Albasa ba ta ajiye sitaci, haka saiwar dahliya, wani nau'in sukari suke tarawa.

Mataki na 6: idan abin da ke hannu busasshe ne ko mai tauri

A raba shi gutsure uku, kowanne da farantinsa.

Na farko a ɗiga masa binega. Kumfa tana nuna akwai kalsiyam kabonet, sinadarin da ke cikin alli na asali da katantanwa. Ƙashin murjani, ɓawon dodon koɗi, ɓawon ƙaguwa da na tauraron teku duk suna kumfa. Amma jan algi mai ɓawon dutse, da koren algin Halimeda, da Chara ta ruwan daɗi su ma suna yi. A koma ga gilashin hannu: ƙashin murjani yana da 'yan ƙoƙuna, a cikin kowanne akwai faifai sirara da suka nufi tsakiya, galibi shida ko ninkin shida. Algin sumul yake, ko kuma gaɓa-gaɓa ba ƙoƙo.

Na biyu, gutsure mai girman milimita 2 zuwa 3, a jiƙa shi a bilic minti 15 zuwa 30 har naman ya narke. A tsiyaye a hankali, a wanke abin da ya kwanta sau uku da ruwa, a duba a ninki 100. Idan ba a wanke ba, bilic yana bushewa ya bar 'yan ƙwayoyin gishiri masu kama da allurai da sandunan da ake nema. Yawancin soson teku suna barin 'yan allurai masu haske, wasu miƙaƙƙu, wasu masu ƙafa uku, wasu kamar ƙugiya. Murjani mai laushi yana barin 'yan sanduna masu ƙurji. Tsiro zare yake bari da jijiyoyin ruwa.

Na uku a riƙe ɗan mitsitsi da hantsaki a kai shi bakin wuta, a waje, nesa da itanol. Selulos yana ci da harshe, yana warin ƙonanniyar takarda, ya bar toka mai laushi. Furotin yana ƙanƙancewa ya zama baƙin dunƙule, yana warin ƙonannen gashi. Da wannan ake raba soson wanka na Luffa, wanda busasshen ɗan itace ne daga dangin kabewa, da soson wanka na teku, wanda ƙashin dabba ne na furotin. Shi na tekun ba ya barin allurai a bilic, narkewa yake yi.

Dabba guda ce ke karya ƙa'idar cewa selulos na tsiro ne: tunikat, mai kamar 'yar jaka da ke manne a dutse ko jikin jirgin ruwa, tana lulluɓe da riga ta selulos. Ana gane ta da kafofi biyu masu feso ruwa idan an matsa ta. Jaririnta yana iyo da wutsiya mai sandar baya, wanda ya sa take cikin Chordata. Ta fi kusa da kifi da mutum fiye da kusancinta da dodon koɗi.

Mataki na 7: watakila ba ko ɗaya ba ce

Idan akwai bango amma jikin siraran zare ne marasa kore da suka sarƙe, fangas ne. Bangonsa na kaitin ne, sinadarin ɓawon ƙwari, yana kuma ajiye gilaikojin. A dangantaka ya fi kusa da dabbobi. Laimar kwaɗi tana nan. Ɓawon nan mai launin toka da ke kan dutse da jikin bishiya, laiken, fangas ne da algi ko bakteriya a haɗe. Manyan ciyayin teku masu ruwan ƙasa ba sa cikin masarautar tsirrai duk da suna dafa abinci da rana. Euglena ƙwaya ɗaya ce, kore, tana iyo, ba ta da bango. Irin waɗannan ne suka sa Ernst Haeckel ya kawo masarauta ta uku a 1866, Robert Whittaker kuma ya mayar da su biyar a 1969, ya ware fangas daban. Tsohon littafin da ya sa laimar kwaɗi cikin tsirrai yana bin tsarin da aka bari ne.

Mataki na 8: a sa ta a gidanta

Idan dabba ce, a bi siffar jiki. Kafofi ko'ina ba baki: Porifera. Baki guda da hannuwa masu harbi a kewaye: Cnidaria. Jiki a baje kamar tsila: Platyhelminthes. Siriri mai zagaye ba zobe, kamar kurkunu: Nematoda. Mai zobe-zobe kamar tana da matsattsaku: Annelida. Mai laushi da ƙafa ɗaya ta tsoka, galibi da ɓawo: Mollusca. Jiki mai sassa biyar da fata mai ƙaya: Echinodermata, har da wanda ake ce wa furen teku mai tsayawa a kan kara. Ɓawo na waje da ƙafafu masu gaɓoɓi: Arthropoda, inda ake ƙirga ƙafa. Shida ƙwaro ne. Takwas gizo-gizo, kunama ko kaska. Ƙafa biyu a kowace gaɓa shanshani. Huɗu a yawancin gaɓoɓi ƙadandoniya. 'Yan ƙahonnin ji huɗu kuma dangin ƙaguwa da jatan lande. Jaririn kaska ƙafa shida gare shi, a kula.

Inda babbar dabba ta ɓoye asalinta, jaririnta ne ke tonawa. An daɗe ana sa banakul, mai manne wa duwatsu da jiragen ruwa, cikin dangin katantanwa, sai da John Vaughan Thompson ya nuna a 1830 cewa jaririnsa mai iyo irin na dangin ƙaguwa ne.

Idan tsiro ne: ƙarami ba jijiyar ruwa ba saiwa ta gaskiya, mos da danginsa; mai jijiya ba iri, fan; mai iri a fili ba fure, dangin fain; mai fure da iri a cikin ɗa, Angiospermae.

Sunayen kimiyya ma suna nuna ɓangare, don dokokin suna biyu ne masu zaman kansu. Na tsirrai suna farawa daga aikin Linnaeus na 1753, na dabbobi daga na 1758. Sunan dangi a tsirrai yana ƙarewa da -aceae, a dabbobi da -idae. Maimaita kalma ɗaya sau biyu a sunan nau'i halal ne a dabbobi, haramun a tsirrai. Da yake dokokin ba sa duba juna, suna ɗaya na iya zama a ɓangarorin biyu: Ficus jinsin ɓaure ne, kuma jinsin wani dodon koɗin teku, Pieris malam-buɗe-littafi ne, kuma wani ɗan itace. Don haka a rubuta sunan dangi tare da na jinsi a kowace takarda.

Ajiya

A gama gwajin motsi, launi da gishiri kafin a ajiye, don itanol yana kashe ƙwayoyi, yana kuma wanke kore. Tsiro ana matse shi tsakanin takardu masu tsotsa a ƙarƙashin nauyi, a riƙa canza takardun kullum a kwanakin farko, in ba haka ba ya yi fumfuna. Dabba mai laushi tana shiga itanol mai ƙarfin kashi 70, ruwan ya ninka girman jikinta sau da yawa, a kuma canza shi bayan kwana ɗaya saboda ruwan jikinta yana tsarma shi. Anemoni da danginta sai an fara sanyaya musu jiki da ruwan magnisiyam kuloraid na kusan kashi 7, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan cikin ruwan tekun har su daina amsa taɓi; idan aka jefa su kai tsaye suna dunƙulewa, ba a ƙara ganin bakinsu. Takardar bayani a rubuta ta da fensir a sa ta cikin kwalbar, domin tawadar biro tana narkewa a itanol, wadda aka manna a waje kuma tana ɓallewa.